Uwargida, Kula Da Bakin Zanenki A Lokacin Hunturu

Da zarar hunturu ya kama, ajina na Islamiyya kan cika da tari da atishawa, har karatu ba ya jiwuwa sosai. Sai ki ji iyaye na ɗora wa sanyi laifi. Alhali ƙwayar bairos ce ke kawo mura. Tana fita daga hanci da bakin mai ita, ta bi iskar ɗaki, ta manne a hannu. Aikin sanyi shi ne ya sa mu rufe tagogi mu cunkushe wuri guda.

Ga abin da mu mata muka raina: bakin zane. Ki share wa babban majina da shi, ki juya ki goge wa jariri baki. Ai kin kai masa cutar da kanki. Ware wa mai mura hankicinsa da kofinsa, ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ki ba da nono. Da hantsi a buɗe taga iska ta ratsa. Koya wa yara atishawa cikin gwiwar hannu. Rufe fuska yayin atishawa ma koyarwar Manzon Allah (SAW) ce.

Kada ki aika kemis sayen kafso, antibayotik ba ya kashe bairos. Amma jaririn wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa, kada ki jira dare. Kira Maigida a waya, ku nufi asibiti.