Kankana: Yadda Za Mu Adana Ta Bayan Tsinka

Ƴan'uwa manoma, ƙasar Gaya ƙasar albarka ce. Ga kogin Kwara, ga fadamu. Amma sau da yawa manomi yakan sha wahalar ban-ruwa kusan wata 3, sa'an nan kankanarsa ta ruɓe kafin ta kai kasuwa. Yamai tana da nisan kusan kilomita 300. A shekarar 2023 kuma, da aka rufe gadar Malanbil, motocin kaya sun daɗe a tsaye. Saboda haka adana ya zama wajibi.

Lokacin tsinka

Kankana ba ta ƙara nuna bayan an tsinke ta. Kada a yi gaggawa. A duba ɗan zaren da yake murɗe kusa da wutsiyarta. In ya bushe, gefen da ya kwanta a ƙasa kuma ya yi rawaya, to ta nuna.

A tsinka da sanyin safiya. A yanka da wuƙa mai kaifi, a bar mata ɗan guntun wutsiya. Kada a jefa ta. Wadda ta bugu daga ciki take fara lalacewa, ido bai gani ba.

Wurin ajiya

Rana ita ce babbar abokiyar gabarta. A kai ta ƙarƙashin rumfa mai shan iska. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kwantar da ita a kan gefenta. Kada a tara ta tsibi mai tsawo. Kowace safiya a fitar da mai tabo, domin wake ɗaya ke ɓata gari.

Kada a haɗa ta da ayaba, ko mangwaro, ko tumatir. Waɗannan suna fitar da wata iska mai sa cikinta ya yi laushi. A wuri mai sanyi takan kai mako 2. Cikin zafin bazara kuwa, a sayar da ita cikin mako guda.

Lafiyar iyali

A wanke bayanta da ruwa mai tsabta kafin a yanka. A wanke wuƙa da hannu da sabulu. In an yanka, a sha nan take. Wadda ƙudaje suka hau tana iya kawo gudawa, musamman ga yara. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.