Kuɗin Wuta: Inda Tallafi Yake da Inda Yunit Ke Zurarewa

A farkon Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu amfani da wuta na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. Bayan wata guda aka sassauto shi zuwa naira 206.80, daga baya ya ɗan sake hawa zuwa wajen 209. Tun daga lokacin magidanci a Kano ko Kaduna da ke kan layin rukunin A ya fara kallon mita kamar yadda yake kallon buhun shinkafa: kullum sai ya leƙa ya ga abin da ya rage.

An raba masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awowin da aka yi musu alkawari a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuwa awa 4. 'Yan rukunin A kaɗai aka janye wa tallafi. Sauran huɗun har yanzu gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar giɓin da ke tsakanin abin da suke biya da ainihin kuɗin samar da wutar, kuma a 2024 giɓin ya doshi naira tiriliyan biyu. Wannan shi ne tallafi mafi girma a harkar, amma ba ya zuwa hannun kowa, shi ya sa yawancin masu cin moriyarsa ba su san da shi ba. Aibinsa kuma a fili yake: layi yake bi, ba talauci ba. Attajiri mai na'urar sanyaya ɗaki huɗu a unguwar rukunin C yana kwasar tallafi, mai facin taya da ƙaddara ta ajiye shi kusa da layin masana'antu yana biyan cikakken farashi.

Akwai wani rangwame da aka keɓe wa marasa ƙarfi: gidan da aka yi wa rajista a ajin mafi ƙanƙanta, wanda ba ya wuce yunit 50 a wata, naira 4 kacal ake sayar masa da yunit. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuma ta tanadi asusun taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya tun 2003, inda gidajen matalauta da ke cikin rajistar ƙaramar hukuma ke samun yunit 50 kyauta duk wata. A can sai an san ka da sunanka kafin a ba ka. A nan rajistar ce babbar matsala.

Wanda ba shi da mita kuwa, tasa matsalar daban ce. A ƙarshen 2024 waɗanda ke da mita ba su kai rabin masu rajista ba. Sauran ƙiyasi ake yi musu, wato ko ka kashe komai ka tafi Umara, takarda za ta zo. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka kan abin da za a iya ƙiyasta wa gida marar mita, bisa abin da maƙwabta masu mita a layi ɗaya ke sha, kuma a farkon 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya fiye da naira biliyan goma saboda tsallake wannan iyaka. Wanda aka yi wa aringizo zai fara kai kuka a rubuce ofishin kamfaninsa. Idan ba a share masa hawaye ba, sai ya wuce dandalin sauraron koke na NERC. Mita kuwa, ko dai a jira ta kyauta a shirye-shiryen gwamnati irin wanda aka fara a 2020, ko a saya ta tsarin MAP, wanda ƙa'idarsa ta ce a mayar wa mai saye kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit. A ganina, ga gidan da ke da hali, jiran na kyauta asara ce.

Da zarar mita ta shiga gida, lissafin ya dawo hannun masu gida. Yunit ɗaya shi ne wat dubu na awa ɗaya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan ya kwana a kunne awa goma kullum, zai sha yunit 18 a wata, kusan naira 3,800 a rukunin A. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kwatankwacinsa da ƙasa da yunit 3, bai kai naira 600 ba. A ninka da ƙwai takwas na tsakar gida, zaure da ɗakuna a ga abin da ya fita.

Amma ɓarayin gaske su ne masu yin zafi da masu yin sanyi. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti lokacin hunturu takan kai wat 1,500. Rabin awa kullum ya zama yunit 22 da rabi a wata, ita kaɗai. Dutsen guga da rishon lantarki duk 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa gara a tara kayan mako a goge su zama ɗaya da a riƙa jona dutse don riga guda. Na'urar sanyaya ɗaki tana shan abin da fanka goma ko fiye za su sha, ga shi a watan Afrilu ba wanda zai iya hana mai ita kunnawa; abin yi shi ne a rufe taga, a wanke matacinta, a daina saukar da ita zuwa digiri 16 ana lulluɓa da bargo. Yara kuma ana ta yi musu faɗa kan cajin waya, alhali cajar ba ta shan abin a zo a gani.

Firji yana da nasa sirrin. Robar bakin ƙofarsa idan ta saki, injin ba ya hutawa. A saka takarda a rufe ƙofar a kanta, a ja: in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu, kuma canza ta bai kai kuɗin wutar da take ɓatarwa ba. Matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo su ya fi kamata su yi wannan gwaji, su kuma janye firjin daga jikin bango da inda rana ke bugawa.

A gidan haya mai mita ɗaya kuwa, inda ake raba kuɗi daidai tsakanin mai ƙwai biyu da mai firiza, ƙaramar mitar da ake ɗaura wa kowane ɗaki ita ke raba gardama, domin kowa zai ga lambarsa da idonsa kafin a zauna karo-karon wata.