Tun Ran Gini, Ran Zane: Ƙa'idojin Gina Dandamalin Haƙar Mai A Teku

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwanmu mazauna Warri da Fatakwal sun saba ganin manyan ƙarafa ana jan su zuwa teku. Waɗannan ƙarafa su ne ƙafafun dandamalin da mahaƙa mai ke aiki a kai, su kuma kwana a kai. Tun 1965 Nijeriya ke fitar da mai daga cikin teku, daga rijiyoyin Okan kusa da Eskirabos. To, wa ke faɗin kaurin ƙarfen da tsawon ƙafar?

Ba a barin wannan ga son ran ɗan kwangila, akwai ƙa'idoji a rubuce. A 1964 da 1965 guguwa biyu, Hilda da Betsy, sun rusa dandamali da dama a tekun Meziko, gefen Amurka. Sai Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da littafin ƙa'ida, watau API RP 2A, a 1969. Bisa ga tsarin da ake bi yanzu, injiniya zai ƙiyasta igiyar ruwa mafi girma da ake tsammani sau ɗaya cikin shekara 100, sa'an nan ya ɗaga benen sama da ita, ya bar rata. Har wa yau zai lissafta ƙarfin iska, da cin tsatsa, da gajiyar da ƙarfe ke yi saboda dukan ruwa dare da rana.

Wannan gajiya ita ce ta kifar da dandamalin Alexander Kielland a tekun Norwe ran 27 ga Maris, 1980. Tsaga ta fara daga wata 'yar walda, ta yi ta ci har ƙafa ɗaya cikin biyar ta ɓalle. Mutum 123 suka rasu cikin 212. Daga nan aka tsananta binciken walda, aka kuma nemi ginin da zai iya tsayawa ko da ƙarfe ɗaya ya karye.

A Nijeriya, tun 2021 hukumar NUPRC ce ke sa ido kan wannan aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa mai walda ko lebura a bakin ruwa, in mai duba aiki ya ce a sake, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a tsakiyar teku babu wurin gudu.