Bayani A Kan Ciwon Sitata Ga Masu Tsohuwar Mota

  

Jama'a 'yan kasuwa, da yawa daga cikinmu da tsofaffin motoci muke jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, wasu a-kori-kura Peugeot 404, wasu 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ciwon da ya fi cin rai shi ne a gama lodi, an biya 'yan dako, rana ta yi yamma, a murɗa makulli mota ta yi shiru. Kwana a dajin kasuwa ke nan da buhunan mutane, gobe kuwa farashi ba ya jiran kowa. A irin wannan hali mutum yakan yi gaggawar cewa sitata ta mutu, ya aika a sayo wata. To, a yi hattara. Sau da yawa sitata lafiyarta ƙalau, laifin na batir ne ko na waya. Kunne da ido sun isa su raba gardama kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Fasali na farko: yadda take aiki

Sitata, wadda makanikai ke ce wa kik, ƙaramin inji ne na lantarki, aikinta ta juya babban inji har ya kama da kansa. A 1912 aka fara sa ta a motar Cadillac a Amurka. Kafin nan da hannu ake yi wa mota wani. In ka murɗa makulli, 'yar wuta kaɗan ke tafiya zuwa wani ɗan gwangwani da ke goye a bayanta, sunansa solonoyid. Shi ke tura ɗan giya mai haƙora, watau bendis, ya ciji haƙoran fulawil, kuma shi ke buɗe wa babbar wuta hanya daga batir. Wutar nan ta bi ta kan burushi, waɗansu 'yan gutsattsarin gawayi, ta shiga amecha ta juya ta. Motar fetur mai silinda 4 takan ja amfiya 100 zuwa 200 a wannan ɗan lokaci, ta dizal ta fi haka. Shi ya sa wayar da ta isa ta kunna fitila da rediyo ba lalle ta isa ta tada mota ba. Riƙe wannan, shi ne tushen maganar duka.

Fasali na biyu: sauraro da duban fitila

Kunna manyan fitilu, ka sa yaron mota ya tsaya gaba yana kallo, kai kuma ka murɗa makulli kana sauraro.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere da sauri, fitilu suka dushe kamar za su mutu, wuta ce ta gaza. Ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya ci gishiri, ko noti ya saki. Sitata ba ta da laifi tukuna.

In ka ji ƙas sau ɗaya tak, fitilu suna nan da haskensu, wuta ta zo bakin ƙofa amma ba ta shiga ba. Nan a tuhumi solonoyid, jan ƙarfen cikinsa ya ƙone, ko kuwa burushi sun cinye.

In ka ji ƙas sau ɗaya, fitilu kuma suka dushe ƙwarai alhali batir cike yake, wani abu ya cije. Ko bushin ya cinye amecha tana gugar jiki, ko bendis ya maƙale a fulawil, ko babban injin ne kansa ya ƙi juyawa.

In shiru ne baki ɗaya, fitilu ko motsi ba su yi ba, saƙon makulli bai isa ba. Duba siririyar wayar da ke shiga solonoyid, takan zame saboda gargada. In tana nan daram, a duba makullin kansa.

In kuwa ka ji tana gudu fiii ita kaɗai, inji bai motsa ba, bendis ne ke sulɓewa. In da ƙarar gurza kamar ana niƙa tsakuwa, haƙora sun cinye, ko notin da ke riƙe da sitata ya saki.

Saura guda. In inji yana juyawa sosai da ƙarfinsa amma bai kama ba, sitata ta sauke nauyin da ke kanta. Koma wajen fetur da filogi da kafireta, kada ka wahalar da ita a banza.

Fasali na uku: batir da waya tukuna

Mai mita ya auna. Batir mai bolt 12 in ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.6. In ya sauko 12.2 rabi ya rage. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In mota ta tashi, a ga wajen 14. In ba a gani ba, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma gobe ma ciwon zai dawo ko da ka sa sabon batir.

Marar mita yana da hannu. Bayan an gwada tayarwa, taɓa kawunan batir da wayoyin nan masu kauri. Inda ka ji zafi, nan wuta ke shaƙewa. Farin gishirin nan ko koren da ke taruwa a kan batir, jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ka wanke shi, don kanwa na kashe kaifin asid, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Kankare da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ɗaure tam, ka shafa basilin a bisa. Masu buga ƙusa tsakanin kan batir da maɗaurinsa, wannan dabarar yini ɗaya ce.

Kada a manta da wayar at, wadda ta haɗa inji da jikin mota, don ta nan wuta ke komawa gida. A tsohuwar mota tsatsa kan cinye ta. Gwajinta sauƙi: ɗauki wayar jona batir, ka haɗa kan batir mai alamar ragi da ƙarfen inji kai tsaye. In mota ta tashi, ka kama ɓarawo, gyaransa kuwa waya ce guda.

Zafin bazara na ƙafar da ruwan batir, sai a riƙa dubawa ana ƙarawa da tataccen ruwan batir, ban da na rijiya. Sanyin hunturu kuma yana rage masa ƙarfi, ga baƙin mai ya yi kauri da asuba. Batirin da ya gaji, a hunturu asirinsa ke tonuwa.

Fasali na huɗu: dabarun fita daji

Kafin kome, giya a firi, a ja birkin hannu, a sa waigi. Mota mai lodi in ta zabura kan mutum, ba a cewa kome sai innalillahi.

In alama ta nuna burushi, wani ya riƙe makulli a murɗe, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin sitata da ƙotar guduma. Ƙwanƙwasa na ce, ba duka ba, domin sitatocin baya-bayan nan maganaɗisu ne a cikinsu, yana fashewa. In ta tashi, ta ba ka aron lokaci ne kawai, a kai ta gyara cikin makon.

In haƙora ne, sa giya na sama, a saki birki, a ɗan jijjiga motar gaba da baya da makulli a kashe. Inji mai silinda 4 yakan tsaya a wurare biyu ne kusan kullum, nan haƙoran fulawil suka fi cinyewa, jijjigawa kuwa na kawo masu lafiya gaban bendis.

Turi kuma a giya na 2 ake yi, a taka kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Mota mai canja giya da kanta ba a tada ta da turi. Haka nan motar da ta mutu cikin ruwa da damina, kada a tura, kada a murɗa makulli. A cire filogi a juya inji da sifana tukuna, don ruwa in ya shiga silinda yana lanƙwasa ƙarfen fistin, hasarar ta fi ta sitata nesa.

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a murɗa ɗaya, a bar ta ta huta kamar minti guda. Naci ke ƙona amecha. In kuma mota ta tashi sitata ta ƙi saki tana kuka, kashe, ka cire kan batir mai ragi maza.

Fasali na biyar: wajen mai gyara da wajen ciniki

In ta tabbata sai an sauke ta, a fara cire wayar ragi ta batir, don babbar wayar sitata kullum da wuta take. Ka tsaya a buɗe ta a gabanka. Burushi, bushin, bendis da solonoyid duk ana canja su ɗai-ɗai, kuɗinsu bai kai na sitata sukutum ba. A goge zoben jan ƙarfen da burushi ke hawa, a wanke ƙura. Kada a cika wa bendis giris, ƙurar hanyarmu na haɗuwa da shi ta zama taɓo ya riƙe shi. Sai in amecha ta ƙone, ka ji ƙauri ka ga baƙi, sa'an nan a yi maganar naɗi ko saye.

In saye ya kama, ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ta Kaduna, tafi da tsohuwar a hannu. Ƙirga haƙoran bendis, gwada ramukan noti, ka tabbata ta bolt 12 ce, domin ta manyan motoci masu batir biyu 24 ce. A jona ta da batir ka ga bendis ya fito da ƙarfi. Duk da haka gudu a ƙasa ba shi ne juya inji ba, saboda haka a ƙulla sharaɗi gaban shaida cewa in an ɗaura ba ta yi ba za a mayar. Mu da ba mu sayen buhun gero sai mun soka mun ga ƙwaya, bai kamata mu sayi ƙarfe a rufe ba.

Ranar jajiberin kasuwa, a duba ruwan batir, a girgiza kawunansa, a duba wayar at. A ajiye sifana mai lamba 10 da 13, da sanfefa, da wayar jona batir a cikin mota.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema, ya raba mu da hasara. Amin.