Tsohon Sintesaiza a Ɗakin Kiɗa na Haɗeja: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Yawancin waƙoƙin biki da na siyasa da na bege da ke tashi daga lasifikar mai shayi a Haɗeja, da fiyanon Yamaha aka kaɗa su, ko kuma da kwamfuta mai manhajar FL Studio da ke kwaikwayon wannan fiyanon. Daga Kano abin ya taso. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka fara bunƙasa, situdiyoyi irin su Iyan-Tama suka rungumi Yamaha samfurin PSR, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu sosai a kan yadda wannan na'ura ta sauya kunnen Bahaushe. Fim ɗin Sangaya ya kafa sautin, kowa ya bi sahu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana jin sarewa iri ɗaya da ganga iri ɗaya, har wasu matasan makaɗa sun fara gundura. Su ne ke kwana a YouTube suna kallon tsofaffin na'urori masu katako a gefe da tarin maɓallan murɗawa, suna lissafin wanda kuɗin shinkafar rani ko na riɗi zai iya saya.

Fiyanon PSR ɗaukar sauti yake yi ya ajiye. An naɗi sarewa ta gaske, an zuba ta a ƙwaƙwalwar na'urar, kai kuma ka danna ta fito yadda aka zuba ta. Shi kuwa sintesaiza na analog babu abin da aka naɗa a cikinsa. Wutar lantarki ce ke kaɗawa a wani sashe da ake kira osileta, ta haifar da ɗanyen sauti mai kaushi. Sautin ya ratsa ta filta, wadda ke rage masa kaifi ko ta bar shi ya yi tsini, sannan wani sashe ya tsara yadda zai taso da yadda zai mutu. Hannunka ne ke murɗa duk waɗannan, shi ya sa mutum biyu ba sa fitar da murya iri ɗaya daga na'ura ɗaya. Daɗinsa ke nan, kuma nan wahalarsa take, domin abin da wuta ke haifarwa kai tsaye, zafi da laima da rawar wutar NEPA duk suna da ta cewa a cikinsa.

Kada a ɗauka wannan sha'awa baƙuwa ce a ƙasashenmu. A Yamai, Mamman Sani ya sayi organ na lantarki ƙirar Italiya samfurin Orla, ya naɗi kaset da shi a 1978, kuma gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin, duniya ta ji. A Inugu, William Onyeabor ya gina situdiyonsa da na'urorin Moog tun a shekarun 1970. Na Mamman Sani ya fi kusa da mu: na'ura guda ce, ba ma babba ba, amma ya san ta ciki da waje.

Tambayar farko ba ta sunan kamfani ba ce, ta yawan murya ce. Akwai sintesaizan da ke fitar da murya ɗaya tak a lokaci guda, ko da ka danna maɓalli biyar. Akwai masu murya shida ko takwas, waɗanda ke haɗa sautuka su yi shimfiɗa a bayan mawaƙi. Matasa sukan raina mai murya ɗaya, suna ganin kamar rabin kaya ne. Ni ban yarda ba. Algaitar da ake busawa a ƙofar fadar Sarkin Haɗeja ranar hawan salla murya ɗaya take fitarwa. Haka goge, haka kukuma, haka sarewar makiyayi a fadamar Baturiya. Kiɗanmu a kan zaren waƙa guda da bugun ganga ya ginu, ba a kan tara sautuka ba. Sintesaiza mai murya ɗaya yana iya zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da tsalle ba, yadda yatsan mai goge ke yi a kan tsirkiya, abin da PSR ke yi da ƙyar. Kuma duk wanda ke da PSR ko kwamfuta ya riga ya mallaki abin yin shimfiɗa. Abin da ya rasa shi ne murya mai kauri a gaba, da gurnani mai nauyi a ƙasa.

A cikin masu murya ɗaya, Minimoog da aka ƙera daga 1970 zuwa 1981 shi ne sarki, amma dubban daloli ake sayar da shi, don haka a bar shi a hoto. Roland SH-101 na 1982 ya fi dacewa da mu: ƙarami ne, yana aiki da batir, komai nasa a fili yake, mutum zai gane shi cikin yini guda. Sai dai makaɗan Turai sun yi masa rububi, farashinsa ya haura. Yamaha CS01, shi ma na 1982, ya fi shi arha da ƙanƙanta, yana cin batir, amma maɓallansa ƙanana ne kuma abin murɗawa a jikinsa kaɗan ne. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Korg MS-20 na 1978, saboda yana da ƙofar shigar da sauti daga waje. Za ka iya sa wa kalangu ko garaya makirufo, ka tura muryarsu ta cikin filtocinsa biyu, ka fito da abin da ba a taɓa ji ba a situdiyoyin titin gidan Zoo na Kano. Aibin SH-101 da MS-20 da CS01 ɗaya ne: ba sa ajiye sautin da ka haɗa, kuma ba su da MIDI.

MIDI ita ce hanyar da na'urorin kiɗa ke magana da juna da kuma kwamfuta, kuma sai a 1983 ta fito. Wanda aikinsa duka a FL Studio yake, idan ya sayi na'urar da ta girmi wannan shekara, ko dai ya kaɗa komai da hannu ya naɗa, ko ya sake kashe kuɗi a kan akwatin da zai haɗa su. Wannan ya shafi Roland Juno-60 da Korg Polysix ma, duk da sunan da suka yi.

Masu murya da yawa su ne inda ake yawan tafka asara. Roland Juno-106 na 1984 shi ne burin kowa: murya shida, MIDI, wurin ajiye sauti 128, da wani taushi da ke sa shimfiɗa ta cika ɗaki. Amma yana da ciwon gado. Kowace murya tana da nata ƙaramin sashen lantarki, wato aisi mai lamba 80017A, wanda aka lulluɓe da wani baƙin danƙo, kuma bayan shekara arba'in waɗannan aisi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Alamar ita ce wani sauti ya riƙa ɓacewa, ko ya yi ƙarar soyuwa, ko ya ƙi yin shiru bayan ka ɗaga yatsa. Ana gyarawa, ko a jiƙa aisin a narkar da danƙon ko a sa sabo, amma sabon daga waje za a yi odarsa, kuma su shida ne. Korg Polysix na 1981 nasa ciwon ya fi muni. Batirin da ke riƙe masa ajiya yana yoyo, ruwan ya ci layukan allon da ke kusa da shi. Wanda ba a canza wa batir da wuri ba, sau da yawa gyaransa ya fi sayensa tsada. Duk dillalin da ya ce maka Polysix ɗinsa ba a taɓa buɗe shi ba, yana zaton yabo yake yi, to gargaɗi ya yi maka.

Waɗanda ba a yi wa waƙa ba su ne na mai ƙaramin ƙarfi. Roland JX-3P na 1983 yana da murya shida, osileta biyu a kowace murya, da MIDI, kuma filtarsa irin ta Juno-60 ce. Abin da ya karya masa farashi shi ne ba shi da maɓallan murɗawa a jiki, sai ka bi lamba ɗaya bayan ɗaya, ko ka nemi wani ƙaramin akwati mai suna PG-200 wanda shi ma ya yi tsada. Alpha Juno na 1985 haka yake, ƙwarya ɗaya ce ake juyawa a yi komai da ita, amma yana da juriya kuma ba ya fama da ciwon Juno-106. Sai Korg Poly-800 na 1983, wanda ɗaruruwan daloli kaɗan ke saye. Ba shi da nauyi, yana da MIDI, yana aiki da manyan batura shida. Filta ɗaya ce duk muryoyinsa takwas ke rabawa, don haka sautinsa bai kai na Juno faɗi ba, kuma na farko-farkon fitowa suna manta duk abin da aka ajiye idan batir ya ƙare. Duk da haka, a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, na'urar da ba ta jiran kamfanin wuta na KEDCO tana da daraja ta daban.

Waɗannan ukun da Juno suna da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Osiletocinsu agogon dijital ne ke riƙe musu daidaito, don haka sautinsu ba ya karkacewa. Na MS-20 da SH-101 da Polysix wuta ce zalla ke tuƙa su, suna bukatar mintoci su ɗumama kafin su daidaita, kuma idan zafin ɗaki ya sauya sai su ɗan zame. A watan Afrilu da Mayu zafin Haɗeja yana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Wanda zai naɗi waƙa da azahar ya ƙarasa da daddare zai ji bambancin.

A yi hattara da abu ɗaya a kasuwar kayan gwanjo, ko a Sabon Garin Kano ko a Alaba ta Legas: ba kowane tsohon fiyano ne analog ba. Yamaha DX7 na 1983 da Casio CZ-101 na 1984 tsofaffi ne, suna da kyau a nasu fannin, amma dijital ne.

Maganar wuta kuwa, nan ne ake kashe na'ura tun ranar farko. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Japan na 100 ne, na Amurka kuma 117 ko 120, kuma yawancin tsofaffin nan ba sa sauya kansu kamar cajar waya. A karanta farantin da ke bayan na'urar kafin a taɓa soket, idan ba ta dace ba a nemi taransifoma mai rage wuta. Masu amfani da adafta kuma a duba alamar bakinta, domin juya ta yana ƙona kaya. Ƙaramin janareta yana hawa yana sauka, bai dace a haɗa kai tsaye ba. Sola da inbata sun fi, amma inbatan da wutarsa ke fita sumul, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba. Abin da ya sa fanka gurnani zai shiga cikin waƙarka, ya kuma dafa taransifomar na'urar.

Sai ƙasar kanta. Hunturu yana kawo ƙura mai laushi wadda ke shiga ramukan maɓallan da ake zamewa, irin na Juno da SH-101, ta sa su ƙarar yashi. Mayafi mai kauri ya wadatar, muddin ba a yi kasala ba. Damina kuma tana kawo laima, a garin da fadama ta kewaye. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ba sa bukatar a tuna musu ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda ya gangaro daga wajen Tiga da Challawa, ga kachala ta toshe hanyoyinsa. Daga Agusta zuwa Satumba, na'ura ba ta kwana a ƙasa ko a jingine da bango. Kanta mai tsayi, da jaka wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa idan an ce a tashi. A nan ma Poly-800 mai kilo huɗu da 'yan kai ya fi Juno mai kilo goma.

Duk wannan lissafi a kan mai gyara yake tsayawa. Masu gyaran rediyo da amfilifaya na gari za su iya canza kafasita da ta kumbura, su wanke maɓalli, su sake batir, kuma rabin ciwon tsofaffin na'urori ke nan. Abin da ya wuce haka sai Kano, kusan kilomita 200, wani lokacin ma sai Legas. Takardun gyaran yawancin waɗannan samfura suna nan a intanet, a sauke a buga a kai wa mai gyara tare da kayan. Kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kowane aisi da za a yi oda ya zama magana. Ni dai shawarata, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a ware shi domin gyara da wuta tun kafin a fara ciniki. Ranar saye kuma a kunna na'urar a bar ta rabin awa, a danna kowane maɓalli, a riƙe shida ɗaya bayan ɗaya a ji ko duk muryoyin suna nan, a kashe a sake kunnawa a ga ko ta riƙe ajiyarta. Dillalin da ya ce babu wuta a shago, ka dawo ranar da akwai.

Akwai kuma gaskiyar da masoya tsofaffin kaya ba sa son ji. Analog bai mutu ba, ana ƙera sabo. Korg ya sake fitar da MS-20 a ƙaramin jiki a 2013, da ƙofar shigar da sautin nan, da MIDI da USB. Behringer ya kwaikwayi Minimoog da SH-101 a farashin da bai kai rubu'in na asali ba. Korg Monologue yana aiki da ƙananan batura shida, yana ajiye sauti, kuma yana bari ka gyara tazarar da ke tsakanin sautuka da kanka, ta yadda zai bi kunnen mai kukuma maimakon ya tilasta masa bin fiyano. Idan kuɗin guda ɗaya gare ka kuma da shi za ka ci abinci, sabon ya fi. Idan kuwa tsohon ne ya shiga ranka, kuma kana da mai gyaran da ka amince da shi, fara da Alpha Juno ko JX-3P, Poly-800 idan wutar unguwarku ba ta da tabbas. Juno-106 sai wanda aka riga aka canza wa aisi shida, kuma mai shi ya yarda a kwance murfin ka gani da idonka.