Kifin Katako Da Darasin Da Ya Koya Mini

Mako uku na shafe ina sassaƙa kifin katako na farko, wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na goge shi, na shafa masa fenti, na rataya masa ƙugiyoyi. Da na jefa shi a ruwa na jawo zare, sai ya kife, cikinsa a sama. Ranar na gane cewa kyan gani ba ya kama kifi.

Irin wannan koto na katako masu fatsa a Turai da Amurka suka daɗe suna yaudarar manyan kifaye da shi. Wanda ya fi shahara a sana'ar shi ne Lauri Rapala, wani talakan masunci a ƙasar Finlan. A Tafkin Paijanne ya lura cewa babban kifi idan ya faɗa cikin garken ƙanana, wanda ke tangaɗi saboda rauni yake fara cafkewa. A shekarar 1936 ya sassaƙa ɓawon itace mara nauyi da wuƙar gyaran takalmi, ya naɗe shi da takardar alawa mai ƙyalli, ya narkar da tsohon fim ɗin hoto ya rufe shi. Yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana sayar da koto a faɗin duniya.

Mai gaɓa ya fi wahalar yi. Ana raba katakon gida biyu, galibi na balsa saboda rashin nauyinsa, a zura waya ta tsakiya, a sarƙe zobe cikin zobe domin wutsiya ta riƙa karkaɗawa. Idan gaɓar ta matse, kifin ya sandare; idan ta yi sako-sako, ƙugiyoyi su harɗe. Ana cusa 'yar dalma a cikinsa don ya tsaya daidai, abin da na manta ke nan. Sai leɓen da ake kafawa ƙarƙashin baki: idan ya miƙe gaba, kifin ya nutse ƙasa, idan ya sunkuya, ya tsaya kusa da saman ruwa. Dole kuma a toshe kowace kafa, domin ruwa na shiga katako ya kumbura ya tsage.

Abin da ke damuna shi ne, muna da giwan ruwa a Kainji da Tafkin Chadi, kifin da ke farautar 'yan'uwansa, kuma yana kai wa irin wannan koto cafka. Muna da masassaƙan da ke fitar da turmi da kwalekwale daga kututture. Abin da ya rage shi ne masunci da masassaƙi su zauna inuwa ɗaya: wannan ya san halin kifi, wancan ya san halin itace.

Na koma bakin ruwa na zauna ina kallon ƙananan kifaye, babu wuƙa a hannuna. Na shida da na sassaƙa bayan nan ba shi da kyau, fentinsa ma ya zuba. Amma yana ɗingishi a ruwa kamar mai ciwo, kuma shi ne ya fara kamo mini kifi.