Gazuwal Ɗin Da Muke Zuba Wa Motocinmu A Kilomita Biyar

'Yan'uwa fatake da dillalai da masu motoci, maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ba ta farashin sa ba ce, ta man da ke kai san kasuwa ce, watau gazuwal, wanda mutanenmu na Nijeriya suke ce wa gas. Duk wanda ya taɓa loda shanu ya san dabba ba buhun gyaɗa ba ce da za a ajiye a gefen hanya har bakanike ya zo. Mota ta tsaya kwana biyu a daji, shanu suna tsaye cikin rana ba ruwa ba ciyawa, to, wanda bai faɗi ba ya rame, kuma mahauci ba zai biya ka kuɗin naman da ya zube a hanya ba.

Abin da ya sa muka tayar da zancen shi ne tambayar da matasanmu na Kilomita Biyar suke yawan yi, musamman waɗanda suka sayi ƙananan motocin gazuwal na hannu daga Turai. Sukan ga an rubuta B7 ko B10 a murfin tanki, sai su ce mene ne wannan, kuma ina za su sami irinsa a Bangui?

Harafin nan yana nufin gazuwal da aka gauraya da man da aka sarrafa daga tsiro ko kitse, wanda Turawa ke kira bayodizal. Lambar kuwa ita ce yawansa. B7 na nufin man tsiron bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba, kuma shi ne gazuwal na yau da kullum a gidajen man Turai. Wasu ƙasashen sun wuce haka nesa. Indunusiya, mai arzikin manja, ta kai kashi 35 a 2023, ta ƙara zuwa 40 a 2025. Brazil ta kai kashi 15 a 2025, mafi yawa daga waken suya, amma har da kitsen shanu a ciki. Ka ji fa, kitsen da mahautanmu ke sayarwa da arha, can tirela yake tuƙawa! A nan kusa ma an gwada: a garin Garalo na ƙasar Mali an taɓa ba da wutar lantarki da man bini-da-zugu, wannan da muke shinge da shi.

To, abin da za mu gaya wa mai irin wannan mota shi ne ya kwantar da hankalinsa. Rubutun yana faɗa masa iyakar abin da injin zai ɗauka ne, ba wajibi aka ɗora masa ba. Gazuwal da ba shi da man tsiro ko kaɗan ba zai cutar da motar ba in dai mai tsabta ne. Sai dai yana da kyau a san halin man tsiron, domin mai yana yawo a duniya, kuma famfunan da muke sha a wannan hanya ba sa liƙa takardar abin da ke ciki. Yana da kirki wajen santsi, yana shafe famfon inji da nozul. Amma yana jan ruwa daga iska fiye da gazuwal zalla, kuma inda ruwa ya kwanta a gindin tanki nan wata baƙar yauƙi take tsirowa ta toshe filta. Yana kuma wanke tsohuwar dattin tanki ya turo ta gaba, yana cin tsofaffin robobi in ya yi yawa, sa'an nan ba ya son ajiya, bayan kamar wata shida ya fara lalacewa. Ga mai ɓoye duro a shago yana jiran ranar tsada, da damshin Bangui, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma mu a ganinmu ba nan gizo ke saƙar ba. Damuwarmu ta fi ta Bature sauƙin faɗa, ta fi ta wuyar magani: ruwa, kananzir, da farar wuta.

Sai mun tuna yadda mai yake zuwa mana. Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, ba ta da matatar mai. Hanya biyu ce. Ko dai ya hau bututu daga Matadi zuwa Kinshasa, a loda shi a jiragen ruwa su hauro kogin Ubangi zuwa ma'ajiyar Kolongo, wanda ba ya yiwuwa sai ruwa ya cika, ko kuma ya biyo tankoki daga Duwala ta Garwa-Bulai da Bwar, tafiyar kilomita wajen 1,400. Ita ma Kamarun tun da matatar Limbe ta yi gobara a watan Mayu na 2019 sai ta koma sayowa daga waje. In ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta toshe, kowa ya ji a jikinsa. Ba mu manta da ƙarshen 2020 da farkon 2021 ba, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai. Haka aka sha layi a 2022. A watan Janairu na 2023 kuma gwamnati ta ɗaga litar gazuwal daga sefa 855 zuwa 1,450, kananzir kuwa aka sa shi 1,150.

Duba tazarar nan da kyau. Duk lokacin da kananzir ya fi gazuwal arha, an buɗe wa maras tsoron Allah ƙofa. Ba mu ce duk ɗan bumburutu macuci ba ne, da yawansu 'ya'yanmu ne, kuma sau nawa jarkarsu ta fitar da mu kunya ranar da gidajen mai suka rufe. Amma man da ya bi hannu biyar, daga tanka zuwa duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, ko ba a yi niyyar ha'inci ba ya kwashi ruwa da ƙasa. In kuma an tsinka shi da kananzir, mota za ta tashi lafiya lau, direba ya ce ai man nan garau ne. Kananzir ba shi da santsi, famfon inji kuwa da man da ke ratsa shi yake samun maiƙo. A hankali yake cinyewa, sai wata rana a kan hawa da cikakken lodi mota ta ce ba ta san zancen ba.

Farar wuta ita ido ba ya ganinta. A Turai tun 2009 doka ba ta yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta sami gazuwal a Mali da ya ninka na Turai sau 378. Bayan wannan fallasa ne ƙasashen ECOWAS suka amince a 2020 cewa man da za a shigo da shi kada ya wuce kashi 50. Mu nan ba ma cikin ECOWAS, saboda haka kada wani ya ɗauka wannan shawara ta rufe mu.

A nan ne zaɓin mota yake shigowa. Tsohuwar Marsandi mai dogon hanci, da Land Cruiser da Hilux masu famfon da, suna haƙuri da mai mai farar wuta, abin da suke nema kawai a riƙa canza baƙin mai da wuri, domin farar wuta tana sa shi tsami. Sababbin na Turai masu kwamfuta kuwa, nozul ɗinsu ramin siriri ne ƙwarai, ɗigon ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma suna da wata matatar hayaƙi a salansa wadda farar wuta ke toshewa. Mota ce mai daɗi a cikin gari. Amma wanda aikinsa bin kasuwanni ne, yau Bubui a Kilomita 45, gobe hanyar Cadi, ya yi tunani sau biyu kafin ya ba da kuɗin bijimai goma a kanta.

Ga abin da tsofaffin direbobinmu suke yi, kuma ba ya cin ko sisi. Kafin a juye jarka, a ɗiba a farar kwalba a ajiye ta ɗan jima. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa, in kuma man ya yi hazo kamar ruwan koko, a bar wa mai shi kayansa. A sansana, kananzir ba ya ɓuya ga hancin da ya saba. Duron da ya kwana, kada a zuƙe shi har gindi, kuma kada a ajiye gazuwal a duro mai rufin tutiya. A cika tanki da yamma, domin tankin da ya kwana rabi yana yin raɓa a ciki. Da safe yaron mota ya kwance ƙasan filta ya zubar da ruwan da ya taru, kuma kada a bar Bangui ba tare da filta biyu a akwati ba.

Saura magana tsakanin mai shanu da mai mota, wadda ita ce ke kawo mana ƙara a ofishin ƙungiya. An saba mai shanu ya ba direba kuɗin mai a hannu, direba kuma ya nemi inda ya fi arha ya riƙe canji. In mota ta mutu, sa ya faɗi, sai a zo ana rantse-rantse. Shawararmu ita ce a yi sharaɗi tun wajen ciniki, a gaban shaidu: mai shanu ko wakilinsa ya raka mota gidan mai, a cika a gabansa, a karɓi rasit, a kuma lissafa man da zai kai ta inda za ta sake samun famfo, har da jarkokin guzuri daga wannan famfon. Wanda ya ga an sayar masa da gurɓataccen mai, ya riƙe kwalba guda da rasit ɗinsa ya kawo wa sakatare, domin mu san wuraren da za mu gargaɗi juna a kansu a fitowa ta gaba.